Hannun da Zai Kitse Kan Nabila

"Ba inda za ta, Yaya. Ina nan tana nan, har Allah ya yi abin da zai yi."

"Ji wani zance. To ke kika san abin da zai yi? Ciwo ai ba mutuwa ba ne."

Ni dai ina tsaye a kan turmin da na kifa a gindin katanga, wai ina kwashe kuɓewar da na shanya. Kuɓewar nan tun shekaranjiya ta bushe. Katangar da ta raba gidana da na Malam Idirisu ta ƙasa ce, damina uku ta zaftare mata kai, ni kuwa ban taɓa matsa wa kowa a gyara ba. Duk unguwar Limawa an san ni, Iya Larai. In aka yi magana a gidanka ban ji ba, to da ido aka yi ta.

Mai faɗan Hajiya Rakiya ce, yayar Malam Idirisu, ta taso daga Kafin Hausa a motar safe. Wadda ake yi wa faɗan kuwa matarsa ce, Safina, tana kishingiɗe a tabarma a bakin ɗaki, an tokare mata baya da filo biyu. Wata biyu ke nan da likitocin Kano suka sallamo ta, suka ce ciwon dajin ya riga ya bi jiki, a koma gida a yi ta addu'a. Abin da ake ja a kai 'yarsu ce Nabila, ita kaɗai Allah ya ba su. A lokacin tana makaranta.

"Yarinya 'yar shekara tara," in ji Hajiya, "ki zaunar da ita tana kallo kina narkewa kamar man shanu a rana? Ba ni ita. A ce mata za a mayar da ke asibiti, in kin samu sauƙi za ta dawo. In kuma ta Allah ta kasance, ta ji a hankali in ta yi wayo. Haka iyayenmu suka yi, ga mu nan da ranmu."

"Ai na riga na gaya mata, Yaya."

Hajiya ta zaro ido.

"Kin gaya mata me?"

"Abin da likita ya ce. Ban ce mata na san rana ba, wannan sai Allah. Na ce mata ciwon nan ba mai tashi ba ne, kuma duk abin da take son tambaya ta tambaye ni tun ina iya ba ta amsa."

Hajiya ta saki salati, ta tafa hannu, ta juya kan ƙaninta. Malam Idirisu na zaune a benci yana ta murɗa rediyon da ba batir. An ce mutumin nan a Sakatariya in ya yi tari sai masinja ya miƙe, amma a gaban yayarsa kamar kazar da ruwa ya daka. Ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, shi ya sa.

"Idi, da kai nake. Kana zaune ana cusa wa 'yarka mutuwa a kunne?"

"A yi haƙuri, Yaya. A sha ruwa tukuna."

"Ban zo shan ruwa ba." Ta suri mayafinta. "Yau kin fi ni baki, Safina, tunda 'yarki ce. Amma ranar da aka share makoki, ƙafata ƙafar yarinyar nan. Mu ga mai hana ni."

Duk da haka sai da ta sunkuya ta gyara wa Safina filo, ta dire mata kwalbar zuma a gefe, sannan ta fice. Haka Hajiya take, bakinta barkono, hannunta kuwa ba ya zuwa gidan mutum fanko.

Ina shirin sauka sai na ji muryar Safina, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Iya, in kin gama kwashe kuɓewar ki sauka a hankali. Turmin nan yana girgiɗi."

Shekarar da aka yanke mana jiha su Safina suka zo unguwarmu, lokacin da ma'aikata suka cika Dutse suna neman ɗakin haya, su zo ran Litinin su gudu Kano ran Juma'a. Su dai ba su gudu ba. Safina 'yar masunta ce daga Haɗeja, ta zo da tsohon ciki da wata tukunyar kifi da ta ƙi rabuwa da ita. Tun ran suna na san matar nan za ta ba ni abin faɗa. 'Yar fari ce fa, amma ƙiri-ƙiri a gaban mutane ta buɗe baki ta ce "Nabila", ba kara ba kunya. Ni nawa na farin yau har ya aurar da 'ya, ban taɓa kama sunansa ba, sai dai in ce "kai" ya waiwayo.

Babban labarin kuwa sai da yarinyar ta kai shekara biyar. Allah ya yi ta da kai mai taushi, in ana mata kitso har bakin titi ake jin ihunta. Wata rana tana cikin ihun sai na ji ƙwas, uwar ta sauke mata mataji a ka. Ba wani abu ba ne, wa aka yi wa kitso bai sha mataji ba? Sai gidan ya yi tsit. Can na ji Safina tana magana ƙasa-ƙasa, har sai da na manna kunne da katanga.

"Nabila, ki yi haƙuri. Ba laifinki ba ne. Raina ne a ɓace tun safe, na sauke a kanki. Kitso da zafi, na sani. Ki yi kukanki, amma ki zauna mu gama."

Kafin la'asar na kai labarin bakin famfo, kafin magariba ya kai gidan suna a unguwar Garu. Uwa ta ba 'yar cikinta haƙuri. Mun yi dariya har da riƙe ciki. Muka ce wannan yarinya sai ta hau wuyan uwar ta yi rawa. To ba ta hau ba. Sai dai na lura da wani abu. In yaranmu suka faɗi muka ce "tashi, ba komai", sai su yi ta ƙunci har yamma, su huce a kan akuya. Ita Nabila in ta faɗi uwar sai ta ce, "Da zafi ko? Nuna min wurin." Ta yi kukanta ta gama, ta kaɗe zane ta koma wasa. Na gani sarai, amma wannan ban kai bakin famfo ba. Labarin kirki gurgu ne, ba ya tafiya.

Bayan zuwan Hajiya da kwana biyu sai wani sabon salo ya ɓullo. Safina dai hannunta ya daina ɗaguwa, kowa ya san dole wata ce za ta riƙa yi wa yarinyar kitso. Amma maimakon a tsayar da mutum ɗaya, sai kan Nabila ya shiga yawon gari. Wannan Asabar tana gidan Adama mai ƙosai. Ta gaba tana gidan Falmata, Babarbariyar da mijinta ke gyaran babur. Ta ukun tana gidan matar liman. Ni da ke katanga ɗaya da su, ni da na kitsa amare tun ana yin doka, ko kallona ba a yi ba. Abin ya ci mini rai. Na ce wa mata Safina na rabon kan 'yarta gida-gida kamar naman suna, masu rabo sun samu, tsofaffi an tsallake mu.

Asabar ta huɗu da hantsi ina tsince shinkafa sai ga sallama.

"Iya, Umma ta ce in kina da sarari ki yi min kitso."

Ga ta tsaye, kai a tsefe kamar saƙar tsuntsu, mataji da kibiya da kwalbar mai a hannu.

"Sai yanzu kuka tuna da ni, ƙawata? An gama zaga gari. Ina Adaman?"

"Inna Adama tana ja da ƙarfi. Kuma kaina sai ya yi ta warin ƙosai."

"Falmata fa?"

"Ita ba ta ja, amma kwana biyu ya warware."

"Matar liman?"

"Wa'azi take yi har a gama."

Na yi dariya har shinkafa ta kusa kifewa. Na jawo kujerar tsuguno, na zaunar da ita a tsakanin gwiwoyina, na tsaga kan na fara mata shuku. Ban yi uku ba na ji ɗumi yana ɗiga a kan ƙafata. Hawaye ne. Amma kan nan ko motsi bai yi ba.

"Da zafi?"

"Da zafi. Ci gaba."

Mun yi rabi ke nan, ina riƙe da gashi kashi uku a yatsuna, sai ta ce, kamar mai tambayar kuɗin manja:

"Iya, Ummana za ta mutu?"

Shekara sittin da ɗoriya bakina bai taɓa rasa abin faɗa ba. Na sha kai labarin saki kafin takarda ta isa hannun matar. Ranar nan harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Ƙaryar tana nan a shirye, a kan leɓena take, "za ta warke mana". Kowace tsohuwa ta iya ta.

"Hannunki ya tsaya," in ji ta.

"Su Adama kin tambaye su?"

"Na tambaya. Inna Adama ta ce in tofar da yawu in daina mugun baki. Ya Falmata ta ce za ta warke kafin Sallah, sai ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. Matar liman ta ce in yi ta karanta Ƙulhuwallahu."

"To ita Umman taki me ta ce?"

"Na san abin da ta ce. Ke nake tambaya."

Na dubi tsagar kan nan, fara sol, ga jijiya tana harbawa a gefen wuyanta. Na ce a raina, Larai, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Ƙawata, rai a hannun Allah yake. Ga ni tsohuwa, ina iya riga ta. Amma na ga masu irin ciwon nan har uku, ba wadda ta tashi. Ina ganin Ummanki ba za ta daɗe ba."

Ta juyo ta kifa fuska a gwiwata. Ta yi kuka, irin mai fitowa daga ciki, har kafaɗunta na rawa. Sau uku "yi shiru" yana zuwa bakina ina mayar da shi. Na ɗora hannu a bayanta na bar shi nan. Ban san tsawon lokacin ba, na dai san kaza ta samu shinkafata ta yi yadda ta so. Da ta gama sai ta kama bakin zanena, sabon wanki, ta fyace majina a ciki, ta gyara zama.

"Saura nawa?"

"Saura huɗu."

"To ƙarasa." Can kuma ta ce, "Umma ta ce da ma ke za ki faɗa. Ta ce ke magana ba ta kwana a cikinki."

Ina ɗaure na ƙarshe na aike ta sayen gishirin da ba na bukata, na yafa gyale na zagaya ta ƙofa.

"Ke Safina, ni za ki mayar abin gwaji? Da furfurata?"

Ta yi dariya, dariyar ta koma tari, sai da na ɗaga ta na ba ta ruwa. Matar da ta zo mana kamar an hura, yanzu hannuna ɗaya ya isa ya tallabe ta.

"Hannu nake nema mata, Iya," in ji ta. "Wanda zai riƙa taɓa kanta in ba ni. Kowa a unguwar nan yana son ta, amma so yana sa mutum ƙarya. In na tafi za ta yi tambayoyi. Ina son ta san ƙofar da za ta je a gaya mata gaskiya."

"Sai kika zaɓi magulmaciya."

"Shekara tara ina jin gulmarki, Iya. Abin da kika ji shi kike faɗa."

"Nakan ɗan sa gishiri."

"Kaɗan ne. Miya ma tana so."

Na zauna a gefen tabarmar ina yi mata fifita. Ta ɗan lumshe ido, sannan ta ci gaba.

"Ni ma 'yar fari ce. Innata ta rasu ina da sha ɗaya, ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Aka ce in na yi kuka wuta nake zuba mata. Sai na haɗiye. Yana nan a maƙogwarona har na yi aure har na haihu. Ranar da na buga wa yarinyar nan mataji, ranar da kika kai labari bakin famfo..."

"Ni?"

"...ranar na gane ba kukanta ke ba ni haushi ba. Nawa ne da aka hana ni. Na ce to, a kaina zai tsaya."

"Ba kya jin tsoro?"

"Ina ji. Ita ma na gaya mata. Na ce ina jin tsoro, kuma na dogara ga Allah, duka biyun suna zama a ciki ɗaya ba sa faɗa."

"To Hajiya fa? Kin ji abin da ta ce, in an share makoki."

Nan ne fuskarta ta canza.

"Shi ne igiyar da na kasa ɗaurewa. In Yaya ta tafi da ita, ba za a ƙara ambaton sunana a gabanta ba, wai don kada ta tuna. Na yi wa Malam magana, ya ce to. Amma kin san 'to' ɗin Malam in Yaya na tsaye."

Na sani. Duk Limawa an sani, ni na gaya musu.

Ta ƙara sati shida. Damina ce, shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, teloli ba sa ɗaga kai saboda ɗinkin hijabi. A cikin sati shidan nan ta shirya komai daga kan tabarma. Abincin rana a gidan Adama. Wanki Falmata, har yarinyar ta iya. Kitso da zaman bayan makaranta kuwa ni aka bar wa. Ta sa Malam Idirisu ya koyi dama koko, ya ƙona tukunya biyu, muna jin ƙauri daga nan. Kullum da yamma Nabila na zaune a gefenta suna hira, wani lokacin dariya, wani lokacin kuka, wani lokacin uwar ta ce, "Yau na gaji, kuma ina jin haushi, ba da ke ba ne. Je ki wurin Iya."

Ran wata Talata da safe Malam ya leƙo ta kan katanga, karo na farko a rayuwarsa, ya ce, "Iya, ko za ki shigo." Nabila ta riga ta sa kayan makaranta. Uwar ta yi mata alama da ido, ta ajiye jaka ta zauna. Aka yi ɗan yayyafi ya ɗauke. Malam na riƙe da hannu ɗaya yana karatu, yarinyar na riƙe da ɗayan, ni ina wajen kai ina maimaita kalmar shahada. Leɓen Safina na bi a hankali. Da hantsi ya ɗaga sai ya daina bi.

Na shafe mata ido. Nabila ta dube ni.

"Iya, shi ke nan?"

"Shi ke nan, ƙawata."

Ta kwantar da kai a hannun uwar ta yi kukanta. Ba ihu ba birgima, hawaye ne kawai da sheshsheka. Mata suka fara shigowa, kowacce da "haba, yi shiru, ba kyau". Na tsaya a bakin ƙofa na ce duk wadda ta ƙara ce wa yarinyar nan ta yi shiru, zan faɗi abin da na sani a kanta a gaban liman. Ba wadda ta ƙara.

Da aka yi wanka aka shirya ta, kafin maza su ɗauka, Malam ya kamo hannun 'yarsa ya kai ta ta durƙusa ta yi wa uwarta addu'a. Ta ce, "Umma, na yafe miki matajin." Adama ta toshe baki da gyale ta fice.

Hajiya Rakiya ta iso bayan azahar, an riga an kai. Kwana uku ita ce a kan komai, ita ce tukunya ita ce tarbar baƙi, ko sau ɗaya ban ga hawayenta ba, sai dai ido ja kamar gauta. In ta ga Nabila na hawaye sai ta kau da kai ta daka wa wani tsawa.

Ran sadakar uku, bayan an raba gumba mutane sun watse, ina tsakar gidan ina wanke kwanuka sai na ga Hajiya ta fito da jakar Gana-mas-go tana cusa kayan yarinyar a ciki. Malam na zaune a bencinsa. Nabila na tsaye a bakin ɗakin uwarta.

"Ɗauko takalmanki," in ji Hajiya. "Motar la'asar za mu bi. Can akwai yara, kwana biyu kin manta."

Na dubi Malam. Ya sunkuyar da kai yana kallon ƙafarsa. Na ce a raina, shi ke nan, Safina, igiya ta kwance.

Yarinyar ba ta motsa ba. Hawaye ya gangaro mata, ba ta share ba.

"Gwaggo, in an yi hutu zan zo miki, in daɗe. Amma ba na son in manta. Ina son in zauna inda kowa ya san Ummana."

"Ga shi nan. Kun gani? Kuka take yi. Abin da nake gudu ke nan. Wa zai dafa mata? Wa zai kula da kanta? Kai, da ko ruwan zafi ba ka iya ba?"

"Na iya koko," in ji Malam a hankali.

"Idi, ba na son wasa."

Sai ya ɗago. Ban taɓa ganin ya dubi yayarsa ido cikin ido ba sai ranar.

"Yaya, kin tuna abin da kika ce min ranar da Inna ta rasu?"

"Wa zai tuna zancen shekara arba'in?"

"Kin ce ta tafi kasuwar Haɗeja, za ta sayo min rake. Duk ran kasuwa sai in je gindin tsamiyar bakin hanya in zauna har rana ta faɗi. Shekara biyu ina yi. Kina dukana, kina cewa yawo na tafi. Ɗan gidan mahauta ne ya gaya min, muna dambe, ya ce uwarka ai tana maƙabarta, kowa ya sani sai kai. Har yau in aka ce min wani ya yi tafiya sai in ɗauka ba zai dawo ba. Ban taɓa gaya miki ba, don na san tausayi ne ya sa ki. Shekararki sha uku, ke ma ba wanda ya tambaye ki yadda kike ji. Amma yarinyar nan ba za ta zauna a gindin tsamiya ba. Tana nan, Yaya."

Rigar Nabila ce a hannun Hajiya. Ta daɗe tana kallonta.

"Wato ni na cuce ka. Na goya ka a bayan da bai yi ƙwari ba, na bar wasa da tsarana, yau ni ce macuciya."

"Ba ki cuce ni ba."

"A'a, faɗi dai." Ta juyo kaina. "Ke kuma, tsohuwar kawai, an samu na kaiwa bakin famfo."

"Ni yau kurma ce, Hajiya. Omo ya shiga kunnena."

Ta yar da rigar a kan jaka, ta ja mayafi ta rufe fuska tun kafin ta kai zaure. Muna jin lokacin da kukan ya ƙwace mata, irin na wanda ya daɗe a ajiye. Ta fizgi ƙofar gidan ta langa-langa ta maka ta da ƙarfi, har sakata ta yi tsalle ta faɗi, kaji suka watse.

Malam ya sauke numfashi mai tsawo, ya jingina da bango. Ni kuwa sai a lokacin na lura kwano ɗaya nake ta cuɗawa tun ɗazu. Na leƙa ɗakin baƙi, ga ƙullin kayan Hajiya a kan gado, ga carbinta a rataye a ƙusa.

"Ba ta yi nisa ba," na ce. "Iyakarta gidan Adama. Ku bar ta ta gama."

Nabila ta share fuska da bayan hannu. Ta durƙusa a gaban jakar ta fara fito da kayanta ɗaya bayan ɗaya, tana ninkewa tana jerawa a kan tabarma. Da ta kai rabi sai ta ɗago.

"Iya, akwai sauran gumba? Yunwa nake ji."

Na ba ta dunƙule biyu. Ta kai wa ubanta ɗaya, ta zauna kusa da shi a kan bencin, ƙafafunta ba sa kai ƙasa. Suna ci, kaji suka dawo suna tsintar abin da ke zuba.